Yadda ake kafa darasin unguwa don tallafa wa 'yan makaranta

Duk shekarar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, za ka ji ana jimami a majalisun unguwa: wance ta rasa Lissafi, wane Turanci ya kayar da shi. Kowa ya san in babu kiredit biyar da suka haɗa da waɗannan darussa biyu, ƙofar yawancin kwasa-kwasan jami'a a rufe take. Nan take sai wani ya kawo shawarar a buɗe darasi kyauta. Niyyar tana da kyau, sai dai da yawa daga irin waɗannan darussa ba sa kai ƙarshen zango, domin an fara su da ɗoki kafin a zauna a tsara.

Abin da ake fara yi shi ne neman izinin manya. Mutum uku ko huɗu daga cikin masu niyyar su je wajen mai unguwa su ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne kan karatun ƙannenmu." Daga nan a ga liman, a roƙe shi ya yi sanarwa bayan sallah. Sai hedimastan firamaren unguwa da kwamitin kula da makarantar (SBMC), domin su ke da ikon ba da aron aji bayan an tashi. Ajin makaranta ya fi zaure ko rumfa: akwai allo, akwai benci, kuma iyaye sun fi sakin jiki su turo 'ya'yansu mata wurin da suka sani.

Lokaci ne wurin da mutane da dama ke tuntuɓe. A yawancin garuruwanmu yara suna Islamiyya da yamma daga Asabar zuwa Laraba. Duk wanda ya sa darasinsa ya ci karo da ita, uba zai zaɓi Islamiyya, kuma yana da gaskiya. Don haka a ɗauki yammacin Alhamis da na Juma'a, a kuma zauna da malaman Islamiyyar a nemi wata rana ta uku. A karkara a lura da aikin damina, a ko'ina kuma a rage lokaci da azumi. Yarinyar da ke fita talla kuwa, sai mace daga cikin masu shirin ta shiga gida ta yi magana da uwarta. Aika takarda ba ya wadatarwa.

Yanzu ga matakin da na fi ba muhimmanci. Kafin a koyar da komai, a gwada kowane yaro shi kaɗai. A zaunar da shi gefe, a miƙa masa takarda mai ɗan gajeren labari da Hausa. In ya karanta a sake, a sa alama. In ya kasa, a nuna masa jimloli huɗu masu sauƙi. In nan ma ya tsaya, a koma kalmomi, sannan baƙaƙe. Haka ake yi a Lissafi: gane lambobi, tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Za ka ga yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, da farar riga a goge, ya sa yatsa ƙarƙashin kalmar "makaranta" yana tauna ta gaɓa-gaɓa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Kada mai gwaji ya nuna mamaki a fuskarsa. Ya ce masa, "Madalla, ƙanena, daga nan za mu tashi."

Bayan gwajin a raba yara bisa abin da suka iya, a manta da ajin da suke a makaranta. Wannan ita ce dabarar da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi fice da ita, wadda aka sani da TaRL, kuma an yi aiki da ita a makarantun jihohin Arewa irin su Borno da Kano. Hikimar a fili take: yaron da bai iya ɗebewa ba, duk bayanin da za ka yi masa kan aljabara zuba ruwa ne a kwando. Babban da ya faɗa rukunin ƙanana zai ji kunya, don haka a ba rukunonin sunaye marasa nuna fifiko, a kuma riƙa sake gwaji duk wata, wanda ya ci gaba a matsar da shi nan take.

Masu koyarwa suna nan cikin unguwa: ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi da ke hutu, masu NCE da ba su samu aiki ba, masu hidimar ƙasa, da malaman da suka yi ritaya. Tsohon malami ɗaya ya zama mai duba aikin sauran. Kada a ɗora wa kowa fiye da kwana biyu a mako, saboda aikin sa-kai ne, kuma gajiya ce ke korar mutane. A yi doka tun farko: babu bulala, babu zagi, babu keɓewa da ɗaliba.

Koyarwa rabin aikin ce. Ɗaya rabin shi ne a ba kowane yaro yaya. Kowane mai koyarwa ya ɗauki yara biyar ko shida su zama nasa: ya san gidajensu, ya duba littattafansu na makaranta, in ɗaya ya yi fashi sau biyu ya taka har ƙofar gida ya yi sallama. 'Yan mata a haɗa su da yayye mata. Yarinyar da ta ga 'yar maƙwabtansu tana karatun aikin jinya, ta kuma zauna da ita tana ba ta labarin yadda ta samu gurbi, ta fi yarda cewa abin mai yiwuwa ne fiye da duk wa'azin da za a yi mata.

'Yan ajin ƙarshe na sakandare suna buƙatar kulawa ta daban. A tara musu tambayoyin shekarun baya su riƙa amsawa da agogo a gabansu. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. A yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, darussa huɗu, maki 400. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai iya ɓata minti goma yana neman inda zai danna. Ko da kwamfuta ɗaya ce ta aro, kowa ya zauna ya gwada zaɓen amsa da A, B, C, D, da matsawa gaba da N, da komawa baya da P. Yayan ya tabbatar kowa yana da lambar NIN tun kafin a buɗe rajista, kuma suna da ranar haihuwa sun yi daidai a duk takardunsa. Ya kuma duba haɗin darussa: mai son likitanci, alal misali, Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji zai zana. Kuskure a nan yana cinye wa yaro shekara guda cur.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Alli, littattafan rubutu, buga takardun gwaji da ɗan kuɗin mota ne kawai. A yi karo-karo tsakanin 'yan kasuwar unguwa da ma'aikatanta, a naɗa ma'aji, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma kada a rataya hotonsa a ƙofar aji, domin ranar da aka yi haka rabin iyaye za su janye 'ya'yansu.

Ƙarshen kowane zango a kira iyaye, a sa yaran da suka fara daga baƙaƙe su tashi su karanta labari a gabansu. A wannan zaman ne kuma ake miƙa aiki. Ɗaliban jami'a za su koma makaranta, mai hidimar ƙasa zai gama shekararsa, saboda haka kowa ya kawo wanda zai gaje shi mako biyu kafin tafiyarsa, ya zagaya da shi gidajen yaransa, ya damƙa masa rajistar da ke ɗauke da sunan kowane yaro da matakin da ya kai.