Filin Shawara: Katin da Nake So Ya Fi Ƙarfin Akwatin Kwamfutata

Zuwa ga Anti: Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tace shi. Ina aiki da kwamfutar tebur Dell OptiPlex tokumbo, siririyar nan irin ta ofis. Da na ɗora aiki mai nauyi a manhajar Premiere sai hoto ya riƙa tsinkewa, fitar da biki ɗaya kuma yakan cinye mini dare. Wannan watan ni ke da kwasar adashi. Abokina ya ce in sayi katin hoto RX 580 tunda ya yi araha, wani kuma ya ce RTX 3060 kawai. Kuɗin ba za su kai ga sabuwar kwamfuta ba, ga amare sun dame ni da waya. Wanne zan saya?

Ɗanki, daga Zariya

Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Cikin biyun nan kada ka sayi ko ɗaya. Abokanka sun faɗa maka katin da ke burge su, amma babu wanda ya tambaye ka girman akwatin da za a sa shi. Ƙwarya ta bi ƙwarya.

Kafin ka taka kasuwa, kashe kwamfutar, ka zare waya, ka buɗe murfin. Ari tef ɗin tela ka auna. Katin da aka saba gani tsayinsa ya kai kusan santimita 11, alhali siririn akwati irin naka gajeren kati yake ɗauka, mai kusan santimita 7. RX 580 da RTX 3060 duk manya ne, murfin ma ba zai rufu a kansu ba. Ka duba kuma inda dogon gurbin katin yake. A wasu samfurorin OptiPlex yana manne da fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, ta yadda kati mai kauri, wanda ke cin gurbi biyu, ba ya samun wurin zama ko da gajere ne. Ɗauki hoton cikin da wayarka, ka tafi da shi.

Sai maganar wuta, wadda ta fi komai cin kuɗin mutane. A jikin fawa-fak akwai takarda da aka rubuta ƙarfinsa. Na waɗannan siraran yawanci bai wuce wat 180 zuwa 255 ba, kuma ba shi da wayar da ake jona wa katin hoto. Gurbin da kansa wat 75 yake bayarwa, ba ƙari. RX 580 na jan wat 185, RTX 3060 kuma 170, har kamfanin Nvidia ke cewa a haɗa shi da fawa-fak mai wat 550. Wani mai gyara zai ce maka akwai 'yar waya da ake jonawa daga bakin wayar faifan ajiya. Kada ka yarda. An yi bakin nan ne don ɗaukar wat 54 kacal, in aka ɗora masa kati mai ci sai ya yi zafi ya narke. Canja fawa-fak ɗin ma ba wasa ba ne, don da yawa cikin kwamfutocin ofis bakin wayarsu nasu ne na kansu, na kasuwa ba ya shiga.

To me ya rage maka? Gajerun katunan da wutar gurbi ke isar su. Akwai GTX 1650 na 2019 mai gig 4, akwai kuma RTX 3050 mai gig 6 da ya fito a 2024, wanda ke jan wat 70. Ka lura, mai gig 6 na ce, don mai gig 8 yana buƙatar waya. In aljihu ya kai, kuma awonka ya nuna zai zauna, mai gig 6 ɗin na zaɓa maka. Za a nuna maka RX 6400, siriri, mai shiga ko'ina. Ga mai buga wasa ba laifi, amma ba shi da sashen da ke matse bidiyo lokacin fitarwa, kai kuwa abin da kake nema ke nan. GT 1030 ma ka bar shi, bai kai aikinka ba.

Wataƙila da na hannu za ka ƙare, to ka buɗe ido. Tun watan Satumba na 2022, da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin kirifto, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwa, kuma RX 580 na cikin waɗanda aka fi mora. Arahar da abokinka ya gani ke nan. Akwai kuma jabu, tsohon kati da aka canja wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Ko a Titin Beirut na Kano ka saya ko a Banex ta Abuja, ka ɗauki kwamfutarka ka je da ita. A sa katin a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z a ga sunansa na gaskiya, a bar shi ya yi aiki mai nauyi ana kallon zafinsa da ƙarar fankarsa. A ba ka gajeren ƙarfen ɗaure shi, a rubuta maka garanti a rasit. Bayan an sa, wayar monita a jikin katin za ta koma, ba tsohon wurinta ba.

Abu biyu ba ka faɗa mini ba: nawa ne RAM ɗinka, kuma wane faifai ke ciki? Idan gig 8 ne da tsohon faifai mai juyi, ka fara da SSD ka kai RAM gig 16, sannan abin da ya saura ya tafi ga kati. Ka kuma ware na UPS, ka san halin wutarmu.

Turo mini lambar samfurin kwamfutar da abin da ke rubuce a jikin fawa-fak. Kafin nan, kada kuɗin adashin su bar hannunka.