Sunayen Tufafi a Larabci da Turanci da Hukuncin da Ke Biye da Su

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, jama'a, darasinmu na wannan mako a kan sunayen tufafi yake. Mai karatu zai iya cewa wannan ai aikin yara ne, to, amma fa akwai hukuncin salla da na hajji da na suturar mata waɗanda suka rataya a kan waɗannan sunaye. Duk wanda ya shiga wurin tela a Kalgo ko a Gwandu zai ji harshe uku a baki ɗaya. Riga da wando da zane namu ne. Jallabiya da kaftani da alharini da hijabi daga Larabci suka zo mana. Kwat da singileti da siket da leshi, har ma kalmar tela ita kanta, daga Turanci muka aro su, akasari bayan zuwan Turawa ƙasar nan a 1903. Aro ba laifi ba ne. Inda gizo yake saƙa shi ne, kalma takan canza ma'ana a hanya, mu kuwa mu koma wa littafi da ma'anar kasuwa.

Mutanen ƙasar Gwandu sun fi kowa cancantar kula da wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa yake a garin Gwandu, bai tsaya ga tafsirinsa Liya'ut Tawili kaɗai ba, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, da Hisnur Rasin a kan sarfu, domin ya san fahimtar hukunci tana bayan fahimtar kalma. Ga misali daga sarfun. Labisa, yalbasu, ma'anarsa sanya tufa. Labasa, yalbisu, ma'anarsa cakuɗa abu har ya rikice, kuma shi ne ya zo a aya ta 42 ta Suratul Baƙara inda aka hana cakuɗa gaskiya da ƙarya. Baƙaƙe ɗaya ne, wasali kawai ya raba su.

Mu ɗauki kalmar aljihu. Asalinta aljaibu. A Hausa aljihu wurin ajiye kuɗi ne, haka ma Larabawan yau suke amfani da ita. Amma a Larabcin Alƙur'ani, jaibu shi ne wuyan riga, wato tsagar da kai yake shiga, wadda take sauka zuwa ƙirji. Da yake a nan mutane suke cusa 'yan kayansu, sai sunan ya koma kan ma'ajin, ga shi ma aljihun babbar rigarmu a ƙirji yake har yau. Saboda haka da aya ta 31 ta Suratun Nur ta umurci mata muminai su saukar da himarinsu a kan jaibunsu, ba maganar aljihu ake yi ba, nufin shi ne mayafin kai ya sauko ya rufe wuya da ƙirji. Matar da ta ɗaura ɗankwali ta bar wuyan bulawus a buɗe ba ta cika umurnin ayar ba, ko da gashinta bai fito ba.

Haka kalmar hijabi. A aya ta 53 ta Suratul Ahzab ma'anarta labule ne ko shamaki, ba tufar sawa ba. Tufafin da Alƙur'ani ya ambata wa mata su ne himari, wato abin lulluɓe kai, da jilbabi na aya ta 59 ta wannan sura, wato mayafi babba da ake yafawa bisa sauran tufafi. Don haka gardamar da ake yi ko gyale ya isa ko sai hijabin da tela ya ɗinka, ba da suna ake raba ta ba. Abin dubawa shi ne, ya rufe abin da aka ce a rufe, kuma ba shara-shara ba ne, bai kuma matse jiki ba.

Inda aka fi samun tuntuɓe shi ne wajen harami. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana namiji mai harami sanya abu biyar: ƙamisi, wato riga, imama, wato rawani, sirwal, wato wando, burnusi, wato tufa mai haɗe da hular kanta, irin alkyabbar da sarakunanmu suke sawa, da huffi. To, sai maniyyaci ya duba ya ga babu singileti a ciki, babu kamfai, ya ce ai ba a hana ba. Wannan kuskure ne. Malamai sun fahimci cewa abin da aka hana shi ne duk tufar da aka yi ta daidai da wata gaɓa tana kewaye ta. Singileti ɗan'uwan ƙamisi ne, kamfai da gajeren wando 'yan'uwan sirwal ne, hula kuwa tana bin rawani. A mazhabar Malikiyya har zobe ya shiga ciki ga namiji. An dai yi rangwame ga ɗamarar kuɗin guzuri, muddin a kan fatar jiki aka ɗaura ta, ƙarƙashin gyauton harami. Wanda ya sa ɗaya daga cikin waɗannan har ya daɗe ya amfana da shi, fidiya ta kama shi: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6 kowane mudu 2 na mudun Annabi, ko yanka akuya ko tunkiya.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya ɓangaren. Sun ji an ce an hana mai ɗinki, sai su ƙi haramin da aka yi wa kalmasa a baki, ko wanda aka yi wa faci. Wannan bai shiga hani ba, domin izari da rida'i, wato gyauton ƙasa da mayafin sama, ba a yanka su daidai da gaɓa ba, ko da allura ta bi ta kansu.

Saura huffi da safa. Huffi na fata ne, yana rufe idon sawu, kuma a kansa aka yi sauƙin shafa a alwala, da sharaɗin an sa shi bayan cikakken tsarki na ruwa. Safa ta zare kuwa jaurabu ake kiranta da Larabci. Mashahurin zance a Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, shi ne ba a shafa a kan jaurabu sai in an lulluɓe shi da fata sama da ƙasa. Hambaliyya sun yarda da shafa a kan safa mai kauri wadda ta rufe ƙafa. Ɗalibin jami'a ko ma'aikacin ofis da ya wuni da takalmi sau-ciki da safa ya san da wannan saɓani, kada ya ɗauka sunan huffi ya hau kan duk abin da aka zura a ƙafa. Takalmin but na fata wanda ya haura idon sawu, in yana da tsarki kuma da shi za a yi sallar, shi ya fi kusa da siffar huffi fiye da safar da ke cikinsa. Allah ne mafi sani.