Darasi na 9: Zaɓen Gidan Abinci a Mubi

Mubi gari ne na kasuwanci da ilimi a arewacin Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. A nan babbar kasuwar shanu da Jami'ar Jihar Adamawa suke. Idan rana ta take a ranakun aiki, fatake da ma'aikata da ɗalibai kan cika gidajen abinci. To, wanne ya kamata mutum ya shiga?

Da farko, duba tsafta. A rufe tukwane suke? Akwai ruwa da sabulun wanke hannu? Abincin da ƙudaje suka sauka a kai yana jawo gudawa da zazzaɓin taifot. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, lura da lokaci. Mai son ci a natse ya jira cunkoso ya ragu bayan azahar, ya nemi wuri mai inuwa da iska.

Na uku, tambayi farashi kafin a zuba maka. Kana iya cewa, "Sannu da aiki. Nawa ne tuwon masara da miyar yakuwa?" Wannan zai kare ka daga jin kunya wajen biya. Amma kada sauƙin kuɗi ya ruɗe ka, domin araha ba ta ado.

Sababbin Kalmomi
fatake: 'yan kasuwa masu tafiye-tafiye
cunkoso: taruwar jama'a da yawa
a natse: ba tare da gaggawa ba

Tambayoyi
1. Ina garin Mubi yake?
2. Me ya sa ake tambayar farashi tukuna?
3. Bayyana ma'anar "araha ba ta ado".