Darasin Lafiya: Idan Kumburi Ya Wuce Gona da Iri

Darasinmu na wannan karo a kan kumburi ne. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, ko aka ji rauni, garkuwar jiki kan tura jini da dakarunta wurin. Shi ya sa wurin ke yin zafi, ya kumbura, zazzaɓi ya biyo baya. Wannan kariya ce. Matsala tana farawa ne idan faɗan ya bazu ko'ina a jiki.

A unguwar Bloomsbury da ke tsakiyar Landan akwai jami'ar UCL, inda Farfesa Mervyn Singer ke bincike kan masu jinya da ke cikin mawuyacin hali. A 2016, shi da wasu ƙwararru daga ƙasashe daban-daban sun fitar da sabon bayanin ciwon da likitoci ke kira sefsis. A bayaninsu, martanin da jiki ke mayar wa cutar ne ke rikicewa, har ya taɓa ƙoda, huhu, zuciya ko ƙwaƙwalwa. Ciwon huhu, ciwon fitsari, gyambo, ko cuta bayan haihuwa duk suna iya kaiwa ga haka.

Ana ganin irin wannan kumburi bayan tiyatar zuciya ma, domin jini kan bi ta na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu, jiki kuma ya ɗauke ta a matsayin baƙuwa. Sai likitoci suka gwada ko maganin danne kumburi zai taimaka. Wani bincike na 2015, kan mutum 7,507 a ƙasashe 18, ya nuna bai rage mace-mace ba. Amma a 2020, binciken jami'ar Oxford ya nuna deksametazon, wanda dangin maganin ne, ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin kuwa, bai amfana ba.

Abin da muka koya shi ne, wannan magani yana da mutanensa da lokacinsa, likita ne ke tantancewa. Saye a kemis don zazzaɓi ko neman ƙiba yana raunana garkuwar jiki, ya ɗaga suga.

Tawagar Singer ta ba da alamomi uku ga babba mai fama da cuta: numfashi 22 ko fiye a minti ɗaya, ruɗewa ko sambatu, da awon jini na sama ya sauka zuwa 100 ko ƙasa. Biyun farko muna iya lura da su a gida. Ruwa ba ya tsami banza. Idan dattijo mai zazzaɓi ya fara sambatu, ko mai jego tana haki, kada mu jira gari ya waye, mu kai su asibiti nan take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.