Darasi na Bakwai: Me ya sa ake ɗibar jinin jariri?

Uwa, uba, da ke kaka mai kula da mai jego, wannan darasi naku ne. Kwanaki 28 na farko su ne mafi haɗari ga jariri. Ƙwayoyin cuta kan shiga jininsa lokacin haihuwa, ko ta cibiya, ko ta reza da wuƙar da ba a tsabtace ba. Jariri ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, kuma sau da yawa jikinsa ba ya yin zafi. Shi ya sa likita yake tambayar jininsa.

Alamun da za su tayar da ku

Ya daina kama nono. Yana jijjiga. Numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa. Jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau. Ba ya motsi sai an taɓa shi. Cibiya ta yi ja ko tana fitar da mugunya. In kun ga ɗaya daga cikinsu, kada ku jira ranar suna. Da damina taɓon ƙasar Gadarif yakan tsare mota, don haka ku shirya yadda za ku isa asibiti tun kafin haihuwa.

Abin da ake nema a jinin

Na farko, CRP. Hanta ce ke fitar da shi in jiki yana yaƙi da cuta. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 8 kafin ya fara hawa, sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake kai ƙololuwa. Saboda haka gwajin farko zai iya fitowa lafiya alhali cutar tana nan, sai a maimaita washegari.

Na biyu, ƙidayar fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki. A jariri, raguwarsu ta fi yawansu tayar da hankali.

Na uku, shukar jini. Ana zuba jinin a kwalba a jira ƙwayar cutar ta tsiro, a gane irinta da maganin da zai kashe ta. Wannan yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma sai babban ɗakin gwaji. In an tura ku Asibitin Koyarwa na Gadarif, ku tafi.

Jinin ba zai ƙare ba

Jariri mai kilo 3 yana da jini kusan mililita 250. Abin da ake ɗiba don shuka mililita 1 ne, bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Jikinsa zai mayar da shi.

Magani ba ya jiran sakamako

In alamun sun bayyana, ana fara allura nan take, yawanci ampisilin da jentamaisin, a yi kwana 7 zuwa 10. Sakamakon gwaji ne zai nuna a ci gaba, a canza magani, ko a tsaya. Kada ku ɗauke yaro don ya soma shan nono a rana ta uku, domin cutar tana iya dawowa da ƙarfi. Ke uwa, ki ci gaba da ba shi nono, ki rungume shi a ƙirjinki ya ji ɗumi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne alamu ne ba sa jiran wayewar gari?
2. Me ya sa ake maimaita gwajin CRP?
3. Wa zai kai ku asibiti daga ƙauyenku in dare ya yi?

Allah ya raya mana 'ya'yanmu.