Araha Ba Ta Ado: Nazarin Zuba Jari a Kamfanin Jakunkunan Coach

A darasinmu na fassara, kalmomin kasuwanci ne suka fi ba ni wahala, kasancewar ban tashi da Hausa ba. Na daɗe ina ɗaukar "jari" da "hannun jari" a matsayin abu ɗaya. Ashe jari shi ne dukiyar da ake juya sana'a da ita, hannun jari kuwa wani ɗan kaso ne na mallakar kamfani da mutum kan saya. Domin kalmomin su zauna mini, sai na ɗauki kamfani guda na bi tarihinsa, wato Coach na ƙasar Amurka, mai sayar da jakunkunan mata na alfarma da sauran kayan fata.

An kafa Coach a birnin New York a 1941, a matsayin ƙaramar sana'ar dukanci. A 2000 ne aka fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a. Ciniki ya yi ta bunƙasa har ya kai kimanin dala biliyan 5 a 2013, amma zuwa 2015 ya sauko zuwa wajen biliyan 4.2.

Me ya jawo haka? A nan ne darasin yake, ɗan'uwa ɗalibi. Mai sayen jakar alfarma ba fata kaɗai take biya ba, suna take saye. To, Coach ya yawaita shagunan rangwame da karya farashi, har jakar ta zama ta kowa da kowa. Wadda ta saya da tsada ta ga irin tata a hannun wadda ta biya rabi, sai ta koma wani wajen. Bahaushe ya ce araha ba ta ado; sai yanzu na fahimci karin maganar nan sosai. Kamfanin bai farfaɗo ba sai da ya rufe wasu shaguna, ya kuma rage rangwame.

A 2017 ya sayi Kate Spade a kan dala biliyan 2.4, uwar kamfanin ta koma Tapestry, kuma da wannan suna ake cinikin hannun jarin. A 2023 ya ƙulla yarjejeniyar sayen Capri, mai Michael Kors, a kan biliyan 8.5, amma kotu ta dakatar da cinikin a Oktoban 2024. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, farashin hannun jarin Tapestry tashi ya yi da jin hukuncin, na Capri kuwa ya faɗi da kusan rabi. Wato masu jari sun ji daɗin an hana kamfaninsu cin bashi mai nauyi.

A ganina, ƙarfin kamfanin shi ne kuma rauninsa. A shekarar kuɗi ta 2025, Coach kaɗai ya kawo kusan kashi 80 cikin 100 na cinikin Tapestry, yayin da Kate Spade ke ja da baya. Matasa sun rungumi jakar Tabby, amma yayi ba ya zama. Ga kuma harajin shigo da kaya da Amurka ta ƙara a 2025, alhali a ƙasashen Asiya irin su Biyetnam da Kambodiya ake ɗinka yawancin jakunkunan.

Da ina da kuɗin saye, kafin in duba yawan ciniki, zan fara tambaya: jaka nawa aka sayar a kan cikakken farashinta, nawa kuma sai da aka yi rangwame?