Darasi na 17: Ƙaramin Kare da Ya Wuce Ma'auni

Gabatarwa

A wannan darasi za mu karanta bayani a kan kiwon ƙananan karnuka a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, sannan mu yi nazarin yadda ake kwatanta abubuwa biyu a Hausa. Ɗalibi ya karanta nassin sau biyu, na farko a zuci, na biyu a bayyane, yana lura da wuraren da aka yi amfani da kalmomin fi, kai da wuce.

Karatu

Guangzhou shi ne babban birnin lardin Guangdong, a kudancin ƙasar Sin. Tsohuwar cibiyar ciniki ce, kuma tun shekarar 1957 ake gudanar da baje kolin Canton a can. Daga ƙarshen shekarun 1990 fataken Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawan Nijeriya da Nijar, suka riƙa zuwa sarin kaya, suna sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. Daga cikin abubuwan da kan ba Bahaushe mamaki a ranarsa ta farko akwai ganin ɗan mitsitsin kare sanye da riga, uwargijiyarsa ta rungume shi kamar jariri.

A ƙasar Hausa aikin kare biyu ne, gadi da farauta. Makwancinsa tsakar gida ko ƙofar gida, ba ya hawa tabarma, kuma idan ya sa baki a ƙwarya akan wanke ta sau bakwai, kamar yadda addini ya koyar. Saboda haka girma da ƙarfi su ne abin so ga kare. A Guangzhou kuwa, inda yawancin jama'a ke zaune a benaye masu ƙananan ɗakuna, ƙanƙanta ake saye da tsada.

Ɗaya daga cikin irin da ake so shi ne Yorkshire Terrier. Asalinsa arewacin Ingila ne, inda ma'aikatan masaƙu suka riƙa kiwonsa a ƙarni na 19 don ya kashe musu ɓeraye. Kalmar terrier ta samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar ƙasa, domin irin waɗannan karnuka sukan bi abin farauta har cikin rami. Wani kare mai suna Huddersfield Ben, wanda aka haifa a 1865, shi ake ɗauka a matsayin kakan wannan iri. Bayan an kafa ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila a 1873, da ta ƙasa da ƙasa, wato FCI, a 1911, sai aka rubuta wa kowane iri ma'auninsa. Ma'aunin Yorkshire Terrier ya ce kada nauyinsa ya wuce kilo 3.2.

Amma halitta ba ta karanta takarda. Wani falke mutumin Kano ya ba ni labarin maƙwabciyarsa a Xiaobei, wata dattijuwa Basiniya da ke zaune ita kaɗai. Ta sayi kwikwiyo a kasuwa, mai sayarwa ya tabbatar mata cewa ba zai wuce kilo 2 ba. Kafin shekara ta zagayo karen ya kai kilo 6, bai shiga jakar da ta saya masa ba, kuma ɗaukarsa ya fara gagarar ta. Ranta ya ɓaci, ta ga an cuce ta, har ta fara tunanin rabuwa da shi. Da ta kai shi wurin likitan dabbobi, sai ya ce mata lafiyarsa ƙalau, ya ma fi ƙananan da ake kawo masa ƙoshin lafiya.

Me ke sa irin wannan kare ya wuce ma'auni? Dalili na farko gado ne. Kakannin Yorkshire Terrier sun fi na yanzu girma, sannu a hankali aka riƙa zaɓen ƙanana ana haɗa su. Don haka jinin kakanni yakan dawo, a sami babba ɗaya cikin 'yan uwa ƙanana. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2007 ya nuna cewa ƙwayar gado mai suna IGF1 tana da babban tasiri a kan ƙanƙantar karnuka, ko da yake ba ita kaɗai ce ke aikin ba. Dalili na biyu gauraye ne: ƙila uban ko uwar wani iri ne dabam, misali Silky Terrier na Ostareliya, wanda ya yi kama da shi amma ya ɗan fi shi girma. Na uku ha'inci ne, domin wasu masu sayarwa sukan ƙara wa kwikwiyo watanni, su ce ya kusa gama girma alhali bai daɗe da barin nono ba. Na huɗu ƙiba ce, wadda yawan ci da rashin motsa jiki ke kawowa. Wannan na ƙarshe ne kaɗai mai kare ke iya gyarawa, kuma gane shi ba wuya: idan an shafa gefen kare ba a ji haƙarƙarinsa ba, to kitse ya yi yawa.

A biranen ƙasar Sin girman kare ya shafi doka ma. Dokar da ta fara aiki a Guangzhou ranar 1 ga Yuli, 2009, kafin wasannin Asiya na 2010, ta yarda da kare ɗaya tak ga kowane gida a tsakiyar birni. Ta rage kuɗin rajista daga yuwan 10,000 zuwa yuwan 500, sannan aka hana kiwon karen da tsayinsa ya kai santimita 71. Karen dattijuwar bai kai rabin wannan ba, saboda haka ba ta da abin tsoro. A Beijing kuwa, ƙa'idar da aka fitar a 2003 ta hana kiwon karen da ya wuce santimita 35 a tsakiyar birni. A ƙarƙashin irin wannan ƙa'ida, kwikwiyon da ya girma fiye da zato yana iya jawo wa mai shi tara, ko ma a raba su. Don kwatanci, karen Azawak da Buzaye ke kiwo a Nijar da Mali, namijinsa yakan kai santimita 64 zuwa 74.

Ya kamata a gane cewa an rubuta ma'auni ne saboda gasar nuna karnuka da kuma masu kiwon iri. Karen da ya wuce shi ba zai ci gasa ba, amma wannan ba cuta ba ce. Hasali ma, waɗanda aka matsa wa ƙanƙanta, har ake tallarsu da cewa suna shiga kofin shayi, su ne suka fi fama da faɗuwar sukari a jini da saurin karaya. Babbar matsalar ita ce ta mutanen da kan yar da kare a titi don kawai siffarsa ta saɓa wa abin da suka yi tsammani. Wanda zai saya, ya nemi ganin uwa da uban kwikwiyon tukuna, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda kuma ya riga ya saya, amana ce ta hau kansa.

Falken ya ce da ya koma Guangzhou bayan shekara biyu, ya tarar da dattijuwar a bakin titi da sassafe. Ta daina ɗaukar karen, ta sa masa igiya suna tafiya tare. Ta gaya masa cewa tun da ta fara wannan yawo ciwon gwiwarta ya ragu.

Sababbin Kalmomi

kwikwiyo (jam'i: kwikwiyoyi): ɗan kare wanda bai girma ba.
falke (jam'i: fatake): ɗan kasuwa mai tafiya nesa don saye da sayarwa.
sari: sayen kaya da yawa domin a sayar.
ma'auni: abin da ake gwada nauyi, tsayi ko yawan abu da shi.
ƙanƙanta: kishiyar girma.
gado: abin da ɗa ya samu daga iyaye, dukiya ko hali ko siffa.
ha'inci: cuta a ɓoye, musamman a ciniki.
gagara: fin ƙarfin mutum.
amana: abin da aka ba mutum ya kula da shi.

Nahawu: Kwatanci

Hausa takan yi kwatanci da aikatau, sannan sunan siffar ya zo a ƙarshen jimla.

1. Fi yana nuna rinjaye: Karen Azawak ya fi Yorkshire Terrier tsayi. Kakanninsa sun fi shi girma.
2. Kai yana nuna daidaito ko isa wani matsayi: Karen ya kai kilo 6. Katsina ba ta kai Kano yawan jama'a ba.
3. Wuce yana nuna ƙetare iyaka: Nauyinsa ya wuce ma'auni.
4. Idan abu ya rinjayi kowa, sai a ce: Ya fi duka girma, ko kuma: Shi ne mafi girma. Jam'in mafi shi ne mafiya.

A lura: ba a cewa "ya fi shi babba". Daidai shi ne "ya fi shi girma", domin bayan fi suna ake kawowa.

Karin Magana

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ɗa yakan gaji iyayensa.
Karen bana shi ke maganin zomon bana: matsalar zamani sai mutumin zamani.

Tambayoyi

1. Wane aiki kare ke yi a ƙasar Hausa?
2. Me ya sa mazauna Guangzhou suka fi son ƙananan karnuka?
3. Kawo dalilai huɗu da ke sa kare ya wuce ma'auni. Wanne ne ake iya gyarawa?
4. Mene ne bambancin ƙa'idar Guangzhou ta 2009 da ta Beijing ta 2003?

Aikin Gida

(a) Cike gurbi da fi, kai ko wuce:
Doki ya ______ jaki sauri.
Kuɗina bai ______ naira ɗari ba.
Kayan sun ______ nauyin da aka yarda a ɗauka a jirgi.

(b) Rubuta jimloli goma kana kwatanta yadda ake kiwon dabbobi a garinku da yadda ake yi a ƙasar Hausa.